Turken Da Halliru Ya Ɗaura Wa Mota

Mutanen Gassi suna cewa Halliru ya take ɗan aljani da mota, shi ya sa aljanu suka kama 'yarsa. Ba haka aka yi ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma abin da ban gani ba, matarsa Lauratu ce ta faɗa mini.

Halliru direba ne mai tsohuwar kat-kat, irin motar dajin nan. Da haya ta yi ƙaranci, sai ya shirya mata jan tirela, domin ya riƙa ɗauko randuna da tukwane daga Gawi. Ya ƙara mata sifirin a baya, ya sa manyan tayoyi, ya kai aka gyara injin don ta rage shan man gazuwal. Saura ƙugiyar da tirela za ta rataya. Wata rana a bayan Gawi ya ga wani ƙarfe mai kauri kafe a gindin aduwa, da zobe a kansa. Ya girgiza shi ya tumɓuke, mai walda a Kilemat ya liƙa masa shi a gindin motar.

Tun daga ranar motar ta yi nauyi. Ko tirela babu kaya, sai ta riƙa nishi, tana shan mai fiye da kafin gyara. Makanikai suka kwance, suka ɗaura, ba su ga komai ba. Halliru ya rame.

Wata magariba, Lauratu na kwashe tuwo, aka jefi kwanon rufi da dutse. Aka sake. Babu kowa a waje. Sannan daga inda motar take suka ji kukan maraƙi, a gidan da ko kaza babu. 'Yarsu Hidaya, budurwa mai karatu a lise, wato sakandare, ta bi ta bayan motar da buta, ta faɗi. Da aka ɗaga ta, tafin ƙafarta duk a tsattsage yake, ga haki kamar wadda ta yi gudu tun safe.

"Maigida, yarinyar nan ba ta fita ko'ina ba yau," in ji Lauratu a hankali.

Hidaya ta daina ci, ta daina magana. Duk ranar da uban ya fita da mota, ciwon ƙafar ya ƙaru, har asibiti suka ce su ba su san me za su ɗaure ba.

Aka kira Malam Waliyyullahi, dattijo mai ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana karatu. Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Hidaya ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, a gajiye.

"Sassauta, Malam. Ni ma ina salla."

"To me kike yi a jikin 'yar mutane?"

"Hutawa. Nan kaɗai nake samun zama. Tambayi ubanta, mai ƙoƙon kan nan, abin da ya cire a gindin aduwa."

Halliru ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙarfe ne yasasshe."

"Turkena ne," in ji muryar. "Shanuna suna ɗaure a jiki, igiyar kuma tana hannuna. Ka ja mu zuwa Gawi, ka ja mu zuwa Masaget, a kan kwalta, da rana tsaka. Kana ta zagin mota wai tana shan mai. Garke guda kake ja, wawa. Maraƙina biyu sun mutu a hanya."

Malam ya ce, "An zalunce ki. Amma yarinya ba ta tumɓuke komai ba."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yi wa kowa yanka sai Allah. Kin sani."

"Na sani," ta ce. "Na gwada ne kawai. To a mayar da turke ramin da aka cire shi. Kuma kada a sa shi a mota. Na gaji da mota. Ya ɗauka a ka, ya tafi a ƙasa, a hankali, yadda shanu ke tafiya."

"In ya yi, kin sake ta?"

"Kalas, shi ke nan. Me zan yi da ita?"

Washegari mai walda ya zo ya yanke ƙarfen. Halliru ya yi gammo ya ɗora, ya kama hanya. Waɗanda suka gamu da shi sun ce yana tafe yana tsayawa, kamar mai jiran wasu a baya. Ya kafa turken, ya dawo a bayan amalanke domin ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Ya tarar da Hidaya zaune tana shan kunu, tana tambayar uwarta wace rana ce yau.

Kai mai karatu, idan ka ga ƙarfe kafe a ƙasa, tambayi mutanen wurin wa ya kafa shi. Idan suka ce ba su sani ba, bar shi inda yake, ka je kasuwa ka sayi naka.