Shuɗin Tsufa

Wayata na manta a ɗakin gwaji, ita ta mayar da ni dab da magariba. Da na sani, da na bar ta ta kwana can.

Aikinmu gano ƙwayoyin jikin da suka tsufa. Mukan raine su a faranti cikin na'urar ɗumi, mu ɗiga musu rini, tsohuwar ƙwaya sai ta yi shuɗi. Ga ta da baƙin hali: ba ta mutuwa, ba ta haihuwa, sai dai ta tsofar da maƙwabtanta. Oga ya hana kowa rainon naman jikin kansa. Ni kuwa mai kunnen ƙashi, da muka rasa mai ba mu fatar matashi, na sa aka ɗan yanko ta hannuna na hagu, na raine ta a farantina.

Ina tura ƙofa na ji wari. Ba na maganin goge tebur ba. Warin ɗakin da aka daɗe ana jinya.

Na'urar ɗumi a buɗe take. Wata tsohuwa na durƙushe gabanta, ta ba ni baya, tana tsiyaya ruwan wani faranti cikin nawa a hankali, kamar mai ba jariri magani.

"Iya, wa kike nema?" na tambaya.

"Kaɗaici ya ishe ni, 'yata," ta ce cikin raɗa. "Nawa duk sun mutu sun bar ni. Ke kika kawo kanki kusa."

Ba a sa wa farantina rini ba. Amma ina kallo ya fara shuɗi daga gefe.

Hannuna na hagu ya yi sanyi. Fatar ta saki. Jijiyoyi suka taso. Zobena ya zame, na ji ƙararsa a ƙasa.

Na miƙa hannun dama zan fizge farantin.

Ta waiwayo.

Ban kai gare shi ba. Addu'ar da na fara ma a tsakiya ta maƙale. Yadda na sauka matakala, Allah kaɗai ya sani.

Washegari Oga ya birkice na'urar kaf, babu farantin, babu dalilinsa. Likitoci sun juya hannun sun juya, suka ce wannan ai na tsohuwa ne tukuf. Autata ta daina yarda in ɗauke ta da shi, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Kowa a aikinmu ya san ƙwayar da ba a canza wa ruwan abincinta ba ta daɗewa. An yi watanni, amma yau da safe na ga yamutsewar ta haye kafaɗata. Har yanzu ana ba farantin nan abinci.