Tafiyar Minti Shida

Har yau idan Malama ta tuna ɗakinsu na farko, sai ta ji ƙamshin sabon fenti a hancinta. Ciki da falo ne a saman bene, da taga guda mai kallon titi, da labule ruwan toka wanda ta ɗinka da hannunta. Matakala ashirin da biyu ake hawa, kuma a shekararta ta farko da gudu take haye su, littattafan ɗalibai a hammata, tana ƙwala wa mijinta kira tun daga ƙasa. Shi mai gyaran firji ne da fanka, amma ita ba ta kiransa da komai sai Injiniya. Tun yana cewa ta daina har sunan ya bi shi unguwa.

Wani yammaci, 'yarsu na da shekara biyu, ya dawo daga shago ya same ta zaune a tsakiyar matakala ta dafe ƙirji.

"Malama, yau kuma a nan aka buɗe aji?" ya ce yana dariya.

"Bari kawai, Injiniya. Numfashina ne ya tafi hutu bai nemi izini ba."

Dariyarsa ta tsaya da ya ga leɓenta ya yi duhu. Ya karɓi littattafan, ya tallabe ta suka ƙarasa sama a hankali.

A ƙaramin asibiti aka ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa. Wata shida tana shaƙa babu sauƙi, sai ma ƙafafunta da suka soma kumbura. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo, alli a hannunta, ranar aka tura su babban asibiti. Aka ɗauki hoton zuciya, aka zura siririn bututu ta jijiya har cikin ƙirji aka auna. Sannan likitar, wata matashiya mai farin gilashi, ta zaunar da su.

"Hawan jini ne, amma ba irin wanda kuka saba ji ba. Na huhu ne. Hanyoyin jinin da ke huhunki sun tsuke, zuciya tana turawa da ƙyar, shi ya sa take gajiya. Ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi in an riƙe magani. Kada ki kuskura ki tsayar da shi da kanki. Sannan sake ɗaukar ciki babban haɗari ne a gare ki."

Malama ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jakarta. Injiniya ya kamo hannunta a gaban likitar ko kunya bai ji ba.

"Guda ɗayar da Allah Ya ba mu ta ishe ni. Ke nake so ki zauna."

Magungunan uku ne. Ɗaya sau uku a rana, ɗaya sau guda tare da gwajin hanta kowane wata, ɗaya kuma na rage kumburi. Kuɗin wata guda ya haɗiye albashinta har ya miƙa hannu cikin nasa, ga shi tsayuwa a aji ta gagare ta, dole ta ajiye aikin. Injiniya ya sayar da babur ɗinsa. Suka sauko daga benen nan, suka koma gidan Inna, mahaifiyarsa, aka share musu ɗakin da ake ajiye tarkace. Ranar tashi Malama ta daɗe tsaye a bakin tagar tana kallon titi, don ta san ba za ta sake hawowa ba.

A gidan Inna kuwa akwai Yaya Babba, yayar Injiniya, mai shagon yadi a kasuwa. Ita ta riƙe shi a makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ta daɗe da ƙulla cewa zai zuba jari su buɗe shago na biyu. Da ta ji inda kuɗin babur suka tafi, sai ta ɗaure fuska, ba ta sake kwance ta ba.

"Ni dai ban taɓa ganin mara lafiya da kumatu haka ba," takan ce tana ɗauraye kwano da ƙarfi. "Ƙafa luhu-luhu, sai ci sai kwanciya. A ce mata ɗauko bokiti—wai huhu! Mu duwatsu ne a ƙirjinmu?"

Malama takan haɗiye abin a ranta. Ciwon da ba a gani da ido ba shi da mai shaida.

Wata safiya Yaya Babba ta tattara wanki, sai ta tsinci kwalin magani a aljihun rigar aikin ƙanenta. Ta biya da shi wurin wani mai kemis da ke kusa da shagonta. Mutumin ya juya kwalin, ya yi ƙasa da murya ya ce ai wannan sinadarin da shi ake maganin ƙarfin maza. Kafin rana ta take ta dawo gida kamar za ta tashi sama, ta sa aka kira Injiniya daga shago, ta wurga kwalin a gaban Inna.

"Ga huhun nan, Inna! Ga inda babur ya tafi! Ko dai yana da wata a waje, ko kuma su biyun sun haɗa baki suna raina mana hankali. Maganin maza ne—na tambaya!"

Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Maganar ba ta faɗuwa a gaban uwa.

"Yaya, don Allah... wallahi nata ne. Dakta ce ta rubuta, akwai fayil, akwai komai—"

"Rufe min baki! Mace da maganin maza? Na yi maka kama da wadda aka haifa jiya?"

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Na zaci na yi tarbiyya." Ta tashi ta shige ɗaki. Wannan kalmar ta fi ihun Yaya zafi, kuma duk a kunnen Malama, tana zaune bayan ƙofa tana toshe bakinta da gefen zane.

Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarsa sai da ka. Malama tana kallon mijinta yana fita a ƙafa da akwatin kayan aiki, takalminsa ya cinye ta gefe guda, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Sai zuciya ta raya mata abin da bai kamata ba. Ta soma raba ƙwayar nan ta sau uku a rana gida biyu. Daga baya ta koma sha sau ɗaya, tana tura sauran ƙarƙashin katifa, wai don na wata guda ya kai wata uku, ya samu ya huta. Bayan sati biyu ta daina gaba ɗaya.

Kwana huɗu aka yi. Tana shanya rigar 'yarta a tsakar gida ta ga igiyar ta rabu biyu, daga nan ba ta sake sanin inda take ba.

Ta farfaɗo a gadon asibiti da robar iska a hanci. Injiniya na zaune a gefe, a hannunsa ƙullin ƙwayoyin da ya tsinta a ƙarƙashin katifa, idonsa jajur.

"Haba Malama! Haba! Tanadi kika yi min? In kin tafi, wa zan ba wa canjin?"

"Na ga ka gaji ne..."

"Na kai miki ƙara na ce na gaji? Ki bar ni da gajiyata, ina son abata!"

Ta yi dariya tana kuka, shi ma haka.

Sai da ta yi kwana goma sha biyu a kwance. Ranar da za a sallame ta, likitar ta ce a kira mata manyan gidan. Inna ta zo, Yaya Babba na biye da ita tana cin magani. Likitar, wadda Injiniya ya riga ya ba labarin rigimar, ta ɗaga kwalin.

"Mai kemis bai yi ƙarya ba, rabin magana ya sani. Maganin yana buɗe hanyoyin jini ne. Maza suna shan sa don larurarsu, ita kuma huhunta yake buɗewa. Ni na rubuta mata. Amma ku zo ku gani da idonku."

Ta kai su wata doguwar baranda mai layi a ƙasa, inda ake gwada masu irin ciwon: mutum ya yi ta tafiya yana dawowa har minti shida, a ga iya inda zai kai. Ta maƙala wa Malama abin awo a yatsa, ta ce wa Inna, "Mama, ki taka tare da ita, irin tafiyarki ta kullum."

Inna mai shekara saba'in da ciwon gwiwa ta soma takawa. Ba a yi minti biyu ba ta waiga, sai ta ga babu kowa a gefenta. Surukarta mai shekara ashirin da takwas tana can baya ta dafa bango, baki buɗe, leɓe ya yi duhu, tana neman iska kamar wadda aka danna cikin ruwa. Duk da haka ta saki bangon ta sake ɗaga ƙafa.

Inna ta koma da sauri ta rungume ta.

"Ya isa, 'yata, ya isa! Ashe haka kike fama a gidana, ni ina ɗaki ina fushi?"

Yaya Babba ta zame ta zauna a benci, ta rufe fuska da mayafi. Da ƙyar ta iya magana.

"Na ce ki ɗauki bokiti... Wayyo ni! Ki yafe min, ƙanwata. Shagon ne ya rufe min ido."

"Ya wuce, Yaya," in ji Malama da guntun numfashinta.

Wanda ya san Yaya Babba ya san bakin nan nata ba ya zama banza, sai dai ya sauya wurin aiki. Ita ta dinga sintiri a ofishin tallafin marasa lafiya har aka sa sunan Malama a cikin masu samun ragi. Ita ta gano wani dila mai sayar da irin maganin na wani kamfani da sauƙi, ta kai wa likitar ta duba ta amince. A kicin kuwa ta kafa doka: gishiri kaɗan, kowa ya ci haka ko ya bari. Inna ta kwashe kayanta daga babban ɗaki mai taga biyu ta ba su. Yaran unguwa suka soma zuwa lesin, Malama tana koyar da su daga zaune.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Ciwon yana nan, wani watan da sauƙi, wani watan sai an kwana asibiti, kuma ba a taɓa buɗe shago na biyu ba. Inna ta rasu, kanta a kan cinyar surukar tata. Amma Malama ta ga ranar da 'yarta ta gama sakandare, tana zaune a layin gaba, Injiniya a damanta da furfura a gemu, Yaya Babba a hagunta tana faɗa da mutane su matsa su bar mata iska.

Ba kowane ciwo ne ido ke gani ba, don haka kada mu yanke wa mara lafiya hukunci da kumatunsa, kada kuma mu ɗauki rabin magana mu rusa gida da ita. Mai shan magani kada ya tsayar don tausayin aljihun wani, domin masoyi na gaskiya ya fi son wahalarsa da kai a kan hutunsa babu kai. Malama da Injiniya sun yi haƙuri, kuma haƙurin bai ba su kunya ba.