Tari a Gindin Saksaul

Bayan la'asar Otegen ya turo tsohon babur ɗinsa mai akwati a gefe, ya jefa guduma da igiya a ciki. Kwana tara ke nan gas ba ya zuwa ƙauyensu da ƙarfi, sai wani ɗan harshen wuta shuɗi da ko shayi ba ya tafasawa. Busasshen kashin shanun da suka tara ya ƙare. A ɗaki matarsa Ulbosin tana kwance cikin barguna uku, tana tari.

Shekara huɗu take fama da wannan tarin. Likita a birnin Nukus ya ce ƙurar gishirin da ke tasowa daga inda teku yake a da ce ta cinye mata huhu. Da shi yawancin tsofaffin layinsu suka tafi.

"Tsoho, ina za ka da guduma?" ta tambaya daga cikin bargo.

"Gidan Jumabay. Ƙofarsa zan gyara masa."

"Kai da ƙofar gidanka take lilo tun bikin 'yarmu?" Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta ce, "Kar ka taɓa itacen mutane, ka ji ko? Gwiwoyin Tajigul a can suka ƙare."

"Ke dai rufe ƙafarki, tsohuwa. Surutu sai ka ce rediyo."

Tajigul maƙwabciyarsu ce. Shekara goma sha biyu tana bin masu dasa itacen saksaul a busasshen ƙasan tekun, layi bayan layi, don saiwarsa ta riƙe yashi da gishiri kada iska ta kwaso musu cikin gida. Otegen ya san haka. Ya kuma san babu itacen da garwashinsa yake kwana da zafi kamar saksaul. Shi ya sa ya jira rana ta yi sanyi, lokacin da masu dashe sun watse.

Ya gangara ta tsohuwar gaɓa, inda yana yaro yake ɗaure jirgin ruwan mahaifinsa. Daga nan ƙasa ta miƙe fara fat har inda ido ya tsaya. Tayoyin babur suna murƙushe ɓawon dodon-koɗi, ƙuras, ƙuras. Iska tana yankar kunne. Gishiri ya bushe masa a leɓe.

Ya wuce sababbin layuka, ya wuce na tsakiya, bai tsaya ba sai a can ƙarshe, wajen dashen farko. Akwai wani da ya fi tsayinsa, gindinsa a murɗe kamar wuyan raƙumi, yashi ya taru a jikinsa ya zama tudu. Ya kashe babur. Rana ta rage jan baki kawai.

Saksaul ba ya saruwa da gatari, karya shi ake yi. Ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar a ji shi, ya ɗaga guduma. Reshe na farko ya karye, ƙas. Na biyu ma haka. Ya loda su a akwati. Sannan ya koma kan gindin. Duka huɗu, na biyar ya tsage gida biyu, ya kwanta.

A nan iska ta ɗauke.

Ya tsaya yana haki. Sai wani wari ya shigo masa hanci: ɗanyen kifi, laka, jiƙaƙƙen kyauro. Shekara arba'in rabon da ya ji shi. Hancinsa ya gane kafin hankalinsa ya gane.

Sai ya ji ruwa. A hankali, yana zuwa yana komawa, kamar yadda yake lasar cikin jirgi.

Ya duba gabas, ya duba yamma. Gishiri ne kawai.

Sai aka yi tari.

Irin na Ulbosin ne sak, mai ɗan fito a ƙarshe. Amma wannan ƙarami ne. Ƙirjin da ya fito daga ciki bai kai tafin hannu biyu ba.

A bayan tudun, inda inuwar bishiyar take a ɗazu, wata mace tana tsugune. Gashinta ya sauka har ƙasa, yana ɗigar ruwa. Duk inda ɗigon ya faɗa, gishiri ya yi baƙi. Ƙafafunta a binne suke cikin yashi. A cinyarta akwai jariri naɗe da ruɓaɓɓen kyauro.

Ta ɗago kai. Idanunta ba su da fatar rufewa.

Gudumar ta zame daga hannunsa.

"Ɗan Serimbet," ta ce da raɗa. "Ka tsufa."

Ya nemi addu'a a ransa, ya samu farkonta, ƙarshen ya ɓace.

"Na san ka kana satar ƙwan agwagwa a cikin kyauronmu. Sau biyu na turo jirgin ubanka bakin gaɓa a cikin hadari. Bai gaya maka ba?"

Ya gaya masa. Kowa ya ɗauka zancen masunta ne.

"Ruwa ya tafi, kyauro ya bushe," ta ce. "Muka fito fili, babu ko ganye ɗaya da za mu raɓe. Tsofaffinmu duk a hanya suka zube. Sai wata gurguwa ta zo ta dasa wannan. Shekara goma sha ɗaya muna ƙarƙashinsa. A nan na haife shi."

Jaririn ya sake tari. Ta goge masa baki da gashinta.

"Shi ma ƙurar ce," ta ce.

"Matata," Otegen ya samu ya furta. "Sanyi zai kashe ta."

"Na sani. In iska ta juyo, har nan muke jin ta."

Ba faɗa a muryarta. Da ma faɗa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ɗauki itacen. Ya riga ya mutu. Amma ka gaya mini, ɗan Serimbet, yanzu ina za mu?"

Tudun ya fara zubewa. Yashin da bishiyar ta riƙe shekara da shekaru yana malala kamar gero daga ɓarakar buhu.

A gindin saksaul na kusa, wani kai ya ɗago. A na bayansa ma haka. Layi bayan layi, har inda duhu ya fara. Babu wanda ya motso. Kallonsa kawai suke yi.

Ya ja da baya. Ƙafarsa ta nutse.

Laka.

Ruwa mai sanyin ƙanƙara ya hau idon sawunsa. Ya hau gwiwa.

Ya fizge ƙafa, takalmin ya tsaya a ciki. Ya faɗi, ya rarrafa, ya kama ƙarfen babur.

Ya buga. Shiru.

Ya sake bugawa. Shiru. Ruwa ya kai cinya.

A bayansa, dab da kunnensa, ɗan ƙaramin tarin.

A na uku babur ya tashi. Bai waiwaya ba. Ƙarar ruwa tana binsa, tana girma, kamar tekun gaba ɗaya ya tuna hanyar gida. Sai da tayar gaba ta hau tsohuwar gaɓa sannan ƙarar ta yanke, kamar an rufe ƙofa. Ya juya. Farin gishiri ne kawai, da taurari biyu. Daga ƙauye ana kiran magariba.

Ya shiga ɗaki ƙafa ɗaya babu takalmi, wandonsa yana ɗiga. Ulbosin ta ɗago, ta ja numfashi ta hanci, ta sake ja.

"Tsoho," ta ce, "warin teku kake yi."

Ta kama bakin wandon ta kai fuskarta. Hawaye ya gangaro mata. Ba ta tambaye shi komai ba, ko rassan nan biyu da ya shigo da su ba ta kalla ba. Ya hura wuta. Ɗakin ya yi ɗumi a karon farko cikin kwana tara, ta yi barci ba tari har ya gama sallar isha'i.

Da kaɗan-kaɗan ya riƙa sa itacen, ya kai su kwana shida. A na bakwai, da hantsi, Ulbosin ta cika, garwashin ƙarshe yana ja a murhu.

Bayan an share makoki, wata magariba yana zaune shi kaɗai da shayin da ya huce, ya ji tari a bayan katangar gidansa, ta gefen da iska ba ta bugawa. Ya fita. Babu kowa, sai ƙasa da ta jiƙe daidai wurin zaman mutum ɗaya.

Washegari Tajigul ta shigo da kwanon dunƙulen dawa, tana jan ƙafa.

"Yaya Otegen, ɗan wa ke tari a bayan gidanka? Layin nan babu jariri."

Ya gaya mata duka, tun daga guduma. Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi. Ta daɗe tana murza gwiwarta.

"Wanda ke can ƙarshe, mai murɗaɗɗen gindi?" ta ce. "Da hannuna na dasa shi, shekarar da mijina ya rasu." Ta miƙe da ƙyar. "In sanyi ya sassauta motar masu dashe tana tashi bayan asuba. Ka zo da naka shebur, ba na ba da aro."

Tun daga lokacin Otegen yake bin masu dashe. Yana da shekara sittin da uku, yana durƙuso a gishiri tare da sa'o'in 'yarsa. Ya dasa ɗaya a ramin wanda ya karya, ya dasa biyar a bayan katangarsa. Amma saksaul ba ya sauri. Shekara guda, da ƙyar suka kai gwiwarsa, inuwarsu ko kaza ba za ta rufe ba. Ya ɗauko ɗaya daga cikin bargunan Ulbosin ya kafa shi da sanduna a jikin katangar. Kullum da safe yakan same shi a jiƙe, ya shanya, ya mayar kafin magariba. Kullum kuma yana jin tarin, wata rana da ƙarfi, wata rana kamar numfashi.

A bazara ta biyu, wata Laraba, magariba ta yi bai ji komai ba. Alhamis ma haka. Ranar Juma'a ya taɓa bargon, ya ji shi a bushe ƙayau.

Tajigul ta leƙo ta kan katanga ta same shi tsaye da bargon a hannu.

"To alhamdulillahi," ta ce. "Ya warke ke nan. Ko sun samu wani wurin."

Otegen ya ninke bargon gida huɗu, ya rungume shi a ƙirji.

"Ita ma tsohuwar tawa haka nata ya daina," ya ce.

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙananan dashen, ya jingina da katanga, ya kasa kunne har duhu ya rufe shi.