Motar da Ta Je Gobara Babu Ruwa

Ranar Lahadi ce, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan gidajen ƙarshen Gusau, wajen hanyar Bungudu. Malam Tukur, mataimakin shugaba a wata ƙaramar tashar 'yan kwana-kwana da ke gefen gari, yana zaune kan tabarma a tsakar gidansa yana goge takalmin aiki. Tun la'asar yake goge shi. Takalmin ya riga ya yi ƙyallin da ƙuda zai iya duba fuskarsa a jiki, amma mutumin da aka ce ranar Alhamis kwamiti zai zauna ya ba shi shugabancin tasha gaba ɗaya, ai ba ya gajiya da goge takalmi.

Matarsa Luba tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa. 'Yarsu Hafsatu, mai shekara goma sha shida, tana tsinke zogale a faifai. Ladan ya gyara murya a lasifika, Tukur ya miƙa hannu ya ɗauki buta, ya ji ta fayau.

"Hafsatu, zuba min ruwa."

Ta je ta buɗe randa, ta tsaya tana leƙe.

"Baba, babu ruwa."

"Randar da mai garuwa ya cika ɗazu a gabana?"

Ya tashi ya leƙa da kansa. Randar ta bushe ƙayau, har da ƙura a gindinta, kamar tun bara rabonta da ruwa. Jarkoki huɗun da ke jingine da bango ma haka. Ko ruwan da Luba ta ajiye a ƙwarya don tsoma mara ya tafi. Suna tsaye su uku sai dutse na farko ya sauka kan kwanon ɗaki. Ba ƙaramin dutse irin na yara masu jifan mangwaro ba. Ya gangaro a hankali, ya faɗo gaban Tukur, baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi.

Luba ta yi salati. Tukur kuwa ya san warin.

To, bari in koma da ku baya kaɗan, don shi Tukur ba zai yarda ya kai ku da kansa ba. Yana da gini a Furfuri, ɗaki uku da falo, ya kai linta ya tsaya. Ranar wata Alhamis, kimanin wata guda da ya wuce, masu buga masa bulo suka ce ruwa ya yanke musu. Shugaban tasha yana jinya, ragama tana hannun Tukur. Sai ya kira direban motar kashe gobara, wani mutum mai sanyin hali ana ce masa Kamilu, ya ce su je Furfuri su ɗan gwada lafiyar injin. Suka gwada ta sosai, har sai da ruwan tankin ya ƙare kaf a kan bulo ɗari shida. Ƙa'idar aikin kuwa ko sabon shiga ya san ta: mota ba ta kwana sai da cikakken tanki. Da suka dawo Kamilu ya ce, "Oga, bari in biya in cika." Tukur ya duba agogo ya ce, "Bar shi sai gobe, wuta ba ta tashi ranar Juma'a." Inda ya samo wannan fatawa, shi kaɗai ya sani. Gobe ta zo, ya aiki Kamilu wani wurin, zancen tanki ya bi iska.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a waya ta shigo: wuta a wani ƙauye kusa da Kwatarkwashi. Suka fita da jiniya, mutane na darewa a hanya suna yi musu addu'a. Suka isa, suka warware tiyo, majiya ƙarfi biyu suka riƙe bakinsa suka kafa ƙafa. Tiyon ya yi tari sau biyu, ya tofar da abin da bai fi cikin moɗa ba, ya kwanta. A gaban idonsu rumbuna uku na wata tsohuwa, Inna Rabi, suka cinye, gero da dawar shekara guda, tare da tsohuwar tsamiyar da ke bayansu. Tsohuwar ba ta zage su ba. Ta dai dubi jar motar, ta ce, "Ɗiyana, kun sha hanya. A kawo muku ruwa?"

Da aka nemi bayani daga sama, Tukur ya zauna ya rubuta rahoto da kyakkyawan rubutunsa, cewa direba ya yi sakacin cika tanki. Aka dakatar da Kamilu, aka manna takardar a allon sanarwa. Kamilu ya karanta, ya dubi Tukur sau ɗaya, ya ajiye makulli a kan tebur ya fita. Wannan kallon shi ne Tukur yake ta gogewa a jikin takalmi.

Litinin da magariba ruwan gidan ya sake ɓacewa, duwatsu bakwai suka sauka. Maƙwabta suka hau katanga da tocila suna neman mai jifa, ba su ga ko kyanwa ba. Talata Tukur ya sayo ruwan leda buhu biyu ya kulle a ɗakinsa, ya sa makullin a aljihu. Da ladan ya kira salla ya buɗe, ya tarar da ledojin a shafe, kowace a liƙe yadda aka sayo ta, babu ɗigo a ciki. Yana tsaye da su a hannu ya ji faifai ya faɗi a tsakar gida.

Hafsatu ce. Tana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, ido a kafe. Ta buɗe baki, abin da ya fito ba kuka ba ne, jiniya ce, tana hawa tana sauka, sak ta motarsu, har da 'yar shaƙewar da take yi a ƙarshe. Sannan ta yi tari sau biyu ta yi shiru.

"Baban Hafsatu," in ji Luba, "mi kunka yi a wajen aiki?"

"Mi aiki ya haɗa da wannan? Iska ce kawai."

"Iskar ta rasa kukan da za ta yi sai na motarku?"

Yarinyar ta kwana ta wuni ba ta ci ba, ba ta sha ba. Duk kofin da aka kai bakinta, kafin ya taɓa leɓe ya bushe. Zuwa Laraba da azahar leɓɓanta sun tsattsage, Luba ta daina tambayar mijinta komai, ta buga wa yayanta waya a Tsafe, ya taho da Malam Mahadi.

Malam Mahadi ɗan siririn dattijo ne mai farar ƙasumba, ba ya ɗaga murya ko a kan akuya. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi zama a kujera, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Hafsatu, mahaifiyarta na riƙe da kanta. Ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Unguwar ta yi tsit, ko kukan injin niƙa babu. Can sai yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta yi gyaran murya.

"Malam, ya isa haka. Muna ji, ba kurame ba ne mu."

Murya ce ta tsoho, mai kauri, a gajiye.

"Wane ne kai, bawan Allah?"

"Ɗanjuma. Musulmi, ɗan Musulmi. Shekara ɗari da goma muna cikin tsamiyar bayan rumbunan Rabi, ni da iyalina. Ba mu taɓa ɗaukar mata ko zangarniya ba."

"Ku da anka halitta da wuta, wuta ta kore ku?"

"Kai da anka halitta da ƙasa, in gini ya faɗo maka, daɗi kake ji?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya ɗan shafa gemu. "Ka yi gaskiya. To amma wutar ba mutanen gidan ga sunka kunna ta ba. Ita kuma yarinyar mi ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, kuma ba don gidan da ya ƙone munka zo ba. Gida ƙaddara ce. Da jar motar ta iso har murna munka yi, jikokina suna tsalle. Da ta yi tari ta kwanta, sai na ce sai na ga wanda ya kawo mana mota da ƙishirwa. Na biyo su har ofis. Na tarar da takarda a allo, da hatimi, da sa hannu, ta ce direba Kamilu ne." Muryar ta tsaya, ta ja numfashi. "Malam, ni tsoho ne, in na ga hatimi yarda nake yi. Kwana goma sha tara muna jifan gidan yaron nan. Mun huda masa kwano. Matarsa da tsohon ciki ta firgita, anka kwashe ta zuwa gidan iyayenta a Bilbis. Shi kuwa bai gudu ba. Kullum sai ya tsince duwatsun ya tara a gefe, don kada wani ya yi tuntuɓe. Rana ta goma sha tara na ji shi a sujada yana faɗa wa Ubangiji abin da bai faɗa wa kowa ba. Da bulo, da Furfuri, da wuta ba ta tashi ranar Juma'a."

Luba ta ɗago kai ta dubi mijinta. Tukur yana tsugune a bakin ƙofar ɗaki, ya ƙura wa ƙasa ido kamar an rubuta masa wani abu a wurin.

"Shekara ɗari da goma ban zalunci kowa ba," in ji muryar, "sai da wancan mai kyakkyawan rubutu ya sa ni. Da wace fuska zan tashi gobe kiyama?"

"To ka ga kana ƙara wani zaluncin a kan yarinya," in ji Malam. "Faɗi abin da kake so, ka fita."

"Ya ba ni ginin Furfuri mu zauna. Ai da ruwanmu anka yi shi."

"A'a. Mazaunin mutane daban, naku daban. Duwatsun Kwatarkwashi ba su cika ba, ku nemi kogo."

"To ya ƙone bulon."

"Bulo ba ya ci da wuta, kai ma ka sani. Faɗi na gaskiya."

Ladan ya fara kiran magariba daga nesa.

"Bakin da ya faɗi ƙarya ya je ya faɗi gaskiya, a gaban waɗanda sunka ji ƙaryar. A cire takardar nan daga allo. Gobe."

"Gobe kwamiti ke zama," in ji Tukur. Ita ce maganarsa ta farko. "Malam, a roƙe shi ya bari sai Juma'a. In anka ba ni kujerar, ni da kaina zan maido da Kamilu, har in ƙara masa girma. Wallahi zan yi."

Kan Hafsatu ya juyo a hankali, idanun da ba nata ba suka sauka a kansa.

"Sai gobe kuma? Irin goben tanki?"

Luba ta ɗaga hannun 'yarta, wanda ya yi sanyi ya saki, ta ɗora a gwiwar mijinta. Tukur ya dubi tsagaggun leɓɓan yarinyar. Shekara ashirin da biyu yana jiran kujerar nan, ya san ko wace ƙafarta ce ke girgiɗi. Ya rufe fuska da tafin hannu.

"Gobe. Na ɗauki alkawari, Allah ne shaida."

"Malam, ka ji shi," in ji muryar. "Mun tafi. In ya saɓa, mun san hanya." Hafsatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da 'yar muryarta ta ce, "Inna, ruwa." Aka kawo daga maƙwabta, ta shanye kofi uku, kowanne ya isa cikinta.

Ranar Alhamis Tukur ya shiga gaban kwamiti da kaki mai guga. Sun zaci jawabin godiya zai yi, har ɗaya ya fara murmushi. Ya faɗa musu komai a tsaye, tun daga bulo har rahoto, bai ambaci aljani ba, don ya san ba a rubuta wannan a fayil. Aka ba wani Bashir shugabancin, wanda Tukur ne ya koya masa naɗe tiyo. Aka cire takardar Kamilu daga allo, aka manna wata a gurbinta, da hatimi, da sa hannu, da sunan Tukur.

Washegari da hantsi ya hau babur ya nemi gidan Kamilu. Ya same shi a kan tsani yana toshe hudojin kwano da kwalta. A gefen zaure ga tulin baƙaƙen duwatsu, ya kai ƙugun mutum, an jera su tsaf. Kamilu ya sauko, ya goge hannu a wando, suka gaisa. Tukur ya fara jero maganar da ya shirya tun a hanya, ta watse masa a baki, sai "ka yafe min" kawai ta fito.

"Oga, na ji abin da ka yi jiya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Maiɗakin fa?"

"Ta sauka a Bilbis, mace. Ta ce ba ta dawowa gidan ga sai ranar da babu dutse ko ɗaya a cikinsa." Kamilu ya dubi tulin, ya dubi Tukur. "Na rasa inda zan kai su. Ga shi kai kana gini. Naka ne dama, kuskuren gida sunka yi."

Tukur ya tuɓe hularsa ya rataya a hannun babur. Ya naɗe hannun riga, ya tambayi inda baro yake.