Gidan da Auta Ya Gina Mini a Waya

Da yamma na rufe shagona na tafi karɓo wayar Auta a wurin mai gyara. Yadi nake sayarwa. Tun da maigidana ya rasu, da wannan shagon na riƙe 'ya'yana, ban taɓa miƙa wa dangin miji hannu ba. Duk layinmu an san halina a ciniki. Ka taya, in ce albarka. Ka ƙara, in ce albarka. Har Auta ya mai da shi sunana. In ya dawo daga aiki sai ya ce, "Hajiya Albarka, za a sallama mana abinci ko sai mun ƙara?"

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, gemunsa bai ma gama cika ba. A asibiti wayar ta faɗi, gilashinta ya fashe.

Akwai wani wasa da yake yi a cikinta, shi da mutanen da bai taɓa gani ba. Yawanci harbe-harbe ne, amma akwai ɓangaren da ba a faɗa. Fili ake ba ka fetal, ka gina abin da ranka yake so. A nan ya gina mini gida, mu da muke haya. Yakan zauna kusa da ni yana nuna mini, ni kuma ina kushewa. Na ce kicin ya yi ƙanƙanta, ya faɗaɗa. Na ce gwiwata ba ta son bene, ya rushe benen. Ɗaki ɗaya ne ya bari ba ƙofa. Ya ce na babansa ne, bai san abin da zai zuba a ciki ba tunda bai tashi ya san shi ba.

Saboda gidan nan na kai wayar gyara. Ba ni da wani abin da hannunsa ya yi.

Shagon mai gyaran yana ƙarshen wani siririn lungu, duk ƙaurin dalma da hayaƙin janareta. Maƙwabtansa sun fara jan ƙofofi. Na shirya mu yi ta ja a kan kuɗin aiki, sai na ga bai ko ɗago ba.

Ya ce a hankali, "Mama, wa kuka ba makullin wasan nan?"

"Wane makulli?"

"Lambar sirri. Filin a rufe yake, mai shi kaɗai ke shiga. Amma kullum na kunna sai in ga an ƙara gini."

Na ce, "Kai dai ka lalata abu kana neman wanda za ka ɗora wa. Nuna mini yadda ake shiga."

Ya sa mini iyafis a kunne, ya ɗora babban yatsana a gefen gilashin, ya ce in tura gaba in tafiya nake so. Rubutun da ke fitowa ban iya karanta shi ba, ban kuma tambaya ba. Ya fita alwala, ya bar ni a kan benci.

Ga gidan. Ga bishiyar da na sa ya dasa a ƙofa. Rana tana faɗuwa a can kamar yadda take faɗuwa a nan.

Na tura yatsa har bakin ƙofa. Ni ban taɓa shiga gida ba sallama, ko da nawa ne. Bakina ya yi abin da ya saba.

Aka amsa.

A cikin kunnena, dab da ni. Muryar Auta, da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai mura.

"Umma, kin daɗe."

Janareta ya mutu. Lungun ya yi tsit. Sai wani sauti daga cikin gidan, ƙwas, ƙwas, kamar ana jera bulo. Na ji warin ɗanyen siminti. Ba daga lungun yake zuwa ba, daga hannuna yake tashi.

Na ce, "Auta?"

"Shigo ki gani. Na gama."

Na shiga. Falon ya cika da kayan da bai taɓa sawa ba. Tabarmar sallata da ƙonuwar gefenta. Almakashina. Kofin da na ba shi ruwa na ƙarshe a asibiti.

Ɗakin babansa ya yi ƙofa.

Na ɗago kai in kira mai gyara. Inda ƙofar shagon take, bango na gani, sabo, bulo a kan bulo, ya kai ƙugu. Ƙwas. Ya ƙaru.

"Umma, zauna nan da ni. Ki sallama can, in ba ki nan."

Allah ya sani zuciyata ta riga ta tafi. Me na bari a can? Ɗaki da katifarsa a naɗe. Na buɗe baki in ce to.

"Albarka."

Haka ya fito. Ban yi niyya ba. Shekara da shekaru duk wanda ya yi mini tayin farko abin da yake ji ke nan, harshena bai jira ni ba.

Bangon ya tsaya a kafaɗa.

"To na ƙara," in ji muryar.

Ƙofar ɗakin ta motsa. Daga ciki aka yi tari, sau biyu gajeru, sannan dogo. Tarin maigidana. Auta bai taɓa jin tarin nan ba, yana goye uban ya rasu.

A nan na gane. Ɗana ba zai iya gina abin da bai sani ba. Wanda ke magana daga cikin kaina yake kwasar kaya yana jera mini.

"Har da shi, Umma. Kin sallama?"

Wannan karon da sanina na faɗa, ina kuka.

"Albarka."

Mai saye in an ƙi tayinsa, ko ya ƙara ko ya tafi. Na sha ganin bayansu, ban taɓa jin komai ba.

"Shi ke nan," ya ce, a sanyaye, kamar yadda Auta ke yi in na hana shi abu. "Allah ya ba da kasuwa."

Sai gidan ya fara tashi. Rufi ya tafi. Kicin ɗin da ya faɗaɗa mini ya tafi, bulo ɗaya bayan ɗaya. Bishiyar. Ina danna duk abin da yatsana ya samu.

Na ce, "Tsaya. Dawo mu daidaita. Dawo, kawo…"

Aka fizge iyafis daga kunnena. Mai gyara ne, hannunsa jiƙe da ruwa, yana karanto addu'a yana girgiza ni. Babu bango. Amma zanena ya yi fari da ƙurar siminti har gwiwa, shi ma ya gani.

Ya ce, "Mama, da wa kike ciniki? Ko data babu a wayar nan."

A gilashin ba abin da ya rage sai fili da ciyawa.

Babbar 'yata ta ce gidan da aka gina aka bari ba kowa, dole wasu su tare a ciki, ko na waya ne. Ta ce in gode Allah da kalma ɗaya ta rage ban ƙarasa "kawo kuɗi" ba. Na gode masa. Ta karɓe wayar ta kai gidanta, ban hana ba.

Ina zuwa shago kamar da. Sai dai in mai saye ya juya zai tafi, ba na iya kallon bayansa, ƙasa nake kallo har ya ɓace.

Na san ba ɗana ba ne. Na fi kowa sani. Amma duk duniya shi kaɗai ya rage mai muryarsa, kuma ni na kore shi.