Ramar Safara'u

Ran kasuwar Wudil Ya'u ya fara ganin Safara'u, tana dama fura a bakin gada, ƙosasshiyar budurwa mai kumatu. Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, har malamin firamare irinsa ya sayi sabon babur. Ya yi ta shan fura har cikinsa ya ɗaure, don dai kar ya tashi.

Kafin damina an sa musu rana.

Lubabatu, aminiyarta tun suna 'yan talla, ita ta zo mata da magana.

"Ƙawata, don ina ƙaunarki zan faɗa. Ya'u ya ce wa yayana kin yi masa nauyi a bayan babur. Kin san 'yan boko, siririya suke so."

Safara'u ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Lubabatu ta sayo mata ƙwayar rage ƙiba a wani kyamis a Kano, ta hana ta tuwon dare, ta sa ta sassarfa zuwa bakin kogi safe da yamma. Barci ya ƙaura, gabanta ya riƙa faɗuwa, zani ya daina zama a ƙugunta.

A garin nan kuwa, budurwar da ta rame bayan sa rana fassara ɗaya ake mata: ba ta son mijin. Lubabatu ta kai wannan fassarar har kunnen Inna Mairo, mahaifiyar Ya'u, tana taya ta tankaɗe.

"Ba za a kawo min mai kukan aurenka ba," Inna ta ce wa Ya'u. "A je a karɓo kayanmu."

Ya'u ya je zance zuciyarsa na ƙuna.

"Sahibata, in akwai wani ki faɗa min. Me na yi miki kike ƙarewa haka?"

Ta kwance bakin mayafi, ta zube ƙwayoyin a tabarma.

"Kai ne da tambaya? Ka kai ni bakin maza ka ce na yi nauyi. Da yunwa nake kwana saboda kai."

"Ni? Wallahi ban taɓa ba. Yadda na gan ki haka nake son ki. Wa ya gaya miki?"

"Lubabatu."

Ya dafe kai.

"Ita ce kullum a gidanmu, tana ce wa Inna ba kya so na."

Safara'u ta yi kuka sosai, na ƙawar da suka tashi suna ci a kwano ɗaya.

Da Ya'u ya kai wa Inna ƙwayoyin ya kwashe labari ya gaya mata, salati ta yi, ta watsa su a murhu.

"'Yar nan, mu da muke neman a ce amaryarmu ta cika ɗaki? Maza a ɗora mata kaza."

Bayan kaka aka ɗaura aure, kumatu sun dawo. Ranar kai amarya mata na guɗa, tsofaffi na cewa Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Wata gwaggo ta tambaya ina babbar ƙawa, ta zo ta riƙe hannun amarya.

Daga cikin lulluɓi Safara'u ta ce a hankali, "Gwaggo, ki riƙe ni da kanki."