Agogon Baba da Rabin Ayaba

Wata Asabar ce wata budurwa ta fara shiga kemis ɗin wani matashi, jaka a hannu ɗaya, ɗayan kuma tallafe da mahaifinta da ke dogara sanda. Yana cikin ƙirga ƙwayoyin magani ya ɗago kai, sai lissafin ya ɓace masa ɓat.

"Sannu da aiki. An ce kuna da sikeli?" ta tambaya.

"Akwai, ranki ya daɗe," ya ce, ya nuna mata firji.

Ta danne dariya, don sikelin yana can bayan ƙofa. Tun daga ranar ta sa masa suna Mai Sikeli, shi kuma da ya ji tana koyarwa a firamare, sai ya riƙa ce mata Malamata.

Abin da ya kawo su ba na wasa ba ne. Gwiwar Baba ta lalace, likita ya ce ba zai yi masa aiki ba sai ya rage kilo takwas cikin wata biyar. Malama ita kaɗai ce 'yarsa, ta kuma ƙudura a ranta ba za ta yi aure ta bar gidan ba sai ta ga Baba ya ajiye sanda.

Baba yana da agogo mai ƙirga taku da kalori, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, kyautar ɗan abokinsa mai shagon waya, wanda ya daɗe yana zarya gidan da sunan gaisuwa. Kowa ya san ba tsohon yake zuwa gaisarwa ba. Shi ne ya ce wa Baba, "Duk kalorin da agogon nan ya ce ka ƙona, naka ne, ka ci abinka." Yana faɗa yana ajiye kwalin kek. Baba kuwa ya riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Agogo ya ce ɗari tara, sai ya sa Mama ta ƙaro burodi da bota.

Asabar huɗu suna zuwa awo. A ta biyu Mai Sikeli ya samu lambarta, wai don ya riƙa tuna musu. Da dare ya turo mata saƙo.

"Malamata, sikeli na gaishe ki. Ya ce tun da kika fita bai ƙara auna abin kirki ba."

"Ka ce masa Baba ya zo aunawa, ba ni ba. Ka ci abinci kuwa?"

A Asabar ta biyar sikeli ya nuna Baba ya ƙara kilo ɗaya. Ai kuwa Baba ya harzuƙa. Dama shi mutum ne da ba ya iya magana sai da hannu. Ya zauna a benci yana faɗa, hannu na sama yana ƙasa, wai sikelin ne ya lalace. Ana cikin haka agogon ya yi ƙara, yana taya shi murnar cika taku dubu goma.

Mai Sikeli ya kasa riƙe bakinsa. "Baba, ai kana zaune ka cika su. Agogon nan hannunka yake ƙirgawa, ba ƙafarka ba."

Masu jiran magani suka kwashe da dariya. Baba ya miƙe da ƙyar, ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, na san abin da kake nema a gidana. To ka sani, ko inuwarka kar in gani a ƙofata."

Malama ta bi mahaifinta idonta cike da hawaye, ba ta ko waiwaya ba. Da yamma saƙo ya shigo.

"Malamata, gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta a inda bai dace ba. Na kunyata Baba a gaban mutane. Ki yafe min."

Kwana uku ba ta amsa ba. A rana ta huɗu tana duba littattafan ɗalibanta a falo, Baba yana kujera yana musu da rediyo kan wasan ƙwallo. Ta leƙa agogon kafin a fara, ta sake leƙawa da aka tashi. Taku ɗari shida, mutum ko tsayuwa bai yi ba! Ta tuna saura wata huɗu ba cikakku ba. Ta ɗauki waya.

"Mai Sikeli, ka yi gaskiya. Ina jin tsoro."

"Kar ki ji. Gobe da safe ina ƙofarku, ko Baba zai jefe ni da sanda."

Bai jefe shi ba, amma ya bar shi a durƙushe har shayinsa ya huce. Mama ce ta yi magana daga kicin. "Malam, mai kawo maka kek ba shi zai ɗauke ka ba ranar da ƙafar ta ƙi."

Baba ya yi gyaran murya. "To, mai ilimi, in na motsa jiki na ji yunwa, iska zan ci?"

"A'a, Baba. Takardar abincin da likita ya rubuta maka ta riga ta haɗa da zirga-zirgarka ta yau da kullum. Agogo kuma kintace yake yi, yakan wuce gona da iri. In ka yi motsa jiki na gaske ka ji yunwa, ka mayar da rabin abin da ka ƙona, ka bar rabi. Amma mu tambayi likita tukuna."

Likita ya amince, ya ƙara da cewa a samo keken motsa jiki na zaune saboda gwiwar. Baba ya ce wata ɗaya ya bayar, in sikeli bai sauka ba, kowa ya kama gabansa.

Kullum da safe kafin ya buɗe kemis, Mai Sikeli na nan a baranda yana riƙe da kan keke, Baba na tuƙawa yana mita, agogo kuwa an ajiye shi a kan taga. Bayan minti ashirin Malama za ta kawo ayaba ɗaya a faranti. Baba ya raba ta biyu, ya ci rabi, ya tura masa sauran yana harara. "Ungo, cinye haƙƙina."

Mai shagon waya ya zo sau biyu da kek, Mama ta raba wa maƙwabta. Daga nan aka daina ganinsa.

Wata ɗaya, kilo biyu da rabi suka tafi. Baba ya hau sikeli sau uku don ya tabbatar. Ranar da takwas ɗin suka cika, Malama ta zauna a bencin nan da aka yi faɗa ta fashe da kuka.

"Ban san da bakin da zan gode maka ba," ta ce.

"Ki gode wa Allah, Malamata. Ni kilo biyu na ƙara da ayabar Baba, ki ji tausayina ki aure ni kafin in fi ƙarfin sikelin."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Na ji. Amma kai za ka faɗa wa Baba."

Aka yi aiki lafiya. Bayan wata shida aka ɗaura aure, amarya ta tare a gidan sama, hawa na biyu. Sati guda da tarewa, da hantsi, suka ji taku a matattakala, sannu sannu, babu ƙarar sanda. Malama ta buɗe ƙofa ta ga Baba tsaye yana haki, Mama na bayansa tana share ido.

"Ashirin da huɗu," in ji Baba. "Da kaina na ƙirga."

Ya zauna, ya zaro ayaba ɗaya daga aljihu. Ango ya miƙa hannu yana jiran rabinsa kamar kullum, sai Baba ya ɗora masa ita gaba ɗaya a tafin hannu, ya rufe da nasa hannun.

"Na zage ka a gaban mutane, ban taɓa ce maka na gode ba. Na gode, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su faɗa muku gaskiya."

"Amin, Baba," suka ce tare, Malama na durƙushe ta dafa gwiwar da ta hawo da shi.